Biranen Gishiri: Labarin Waɗanda Ba A Shawarta Ba

A 1933 Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya bai wa kamfanin Standard Oil na Kalifoniya izinin neman man fetur, wani Baturen Ingila, St John Philby, yana shiga tsakani. Tarihi ya fi kula da masu sa hannu. Shi kuwa Abdurrahman Munif, a littafinsa Mudun al-Milh, wato Biranen Gishiri (1984), ya karkata ga waɗanda ba a shawarta ba: mutanen Wadi al-Uyun, da suka wayi gari injuna na tumɓuke dabinonsu.

Nan ƙarfin littafin yake. Rauninsa kuwa, Amurkawan ciki tamkar inuwa suke, har mai karatu ya kasa gane yadda aka ƙulla cinikin.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mutanen Matamaye. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 ne suka shata iyakar da ke tsakaninsu da Daura, sannan a 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, tare da kamfanin CNPC na Sin. Ya dace malamai su fassara littafin zuwa Hausa, ɗalibai su auna shi da tarihin gida.