Jinjina ga Kafintocin Gadojin Parke

A gundumar Parke ta jihar Indiyana, Amurka, har yau gadojin katako 31 masu rufi na nan daram. Rufin ba ado ba ne. Shi ke hana ruwan sama da dusar ƙanƙara ruɓar da katakon. Shiga gadar West Union, wadda J.J. Daniels ya gina a 1876, ka dubi gefe da gefe: manyan katakai sun lanƙwasa kamar baka, sun tallafe nauyin gadar. Kai, wannan aiki sai gwanaye!

Mutanen yankin ma sun ciri tuta. Da aka cinna wa gadar Bridgeton wuta a 2005, ba su naɗe hannu ba. Suka yi karo-karo, suka zage damtse, a 2006 sabuwa ta tsaya a gurbinta.