Gwanin Ɓoye Miki a Cikin Labari

Ba kowane marubuci ne zai sa ka tausaya wa macen da ka san sarai tana aikata ba daidai ba. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya iya wannan. Littafinsa na Turanci, Season of Crimson Blossoms, ya fito a 2015, a 2016 kuma ya lashe kyautar adabi ta NLNG mai dala 100,000.

A cikin littafin, Hajiya Binta Zubairu bazawara ce mai shekara 55. An kashe mijinta a rikicin Jos, ta koma zama a Mararaba, ta kusa da Abuja. Wata rana Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi, sa'ar 'ya'yanta, ya haura katanga ya yi mata fashi. Abin kamar wasa, soyayya ta ƙullu tsakaninsu.

Tun a babin farko mai karatu ya gama yanke mata hukunci. Marubucin bai tare shi ba. Sai ya riƙa tsakuro abin da ya wuce kaɗan-kaɗan, a daidai lokacin da ya ga dama. Binta tana da ɗan fari, Yaro, wanda kunya ta hana ta kiran sunansa, balle ta jawo shi jikinta. Ya taso ya faɗa harkar shaye-shaye, 'yan sanda suka harbe shi, ita kuwa ba ta taɓa nuna masa so a fili ba. Da ka ji wannan, kallon da take yi wa Reza ya sauya ma'ana, hukuncin da ka yanke ya fara yi maka nauyi. Amma fa marubucin bai wanke ta ba, kuma a ganina nan ƙarfin littafin yake. Laifinta yana nan, har ya shafi 'ya'yanta.

Dubi kuma Fa'iza, yarinyar da Binta ke riƙo, wadda aka kashe 'yan gidansu a gabanta. Ba a cika mu da dogon bayani ba. Ganin jini kawai ke firgita ta, sai ta fake a littattafan soyayya. Wanda ya ga rikicin Kafanchan a 1987, ko na Zangon Kataf a 1992, ko na Kaduna a 2000, ya san irin wannan yarinya a unguwarsu.

Fargabar labarin ma daga cikin unguwa take tasowa: tsegumin matan Islamiyya, da Malam Haruna mai neman auren Binta, wanda ya sa mata ido har ya gano inda take zuwa.