Madugu Ko Mai Mamaya? Tarken Wasan Shiga-Riga na Intanet a Kan Rayuwa Ƙarƙashin Mulkin Halittun Wata Duniya

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun saba kasa adabi gida uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma a kowane gida akan sami mai ƙagawa a gefe guda, mai karatu ko sauraro ko kallo a ɗaya gefen. To amma tun daga 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, an sami wata hanyar ƙaga labari wadda ta rushe katangar nan. A cikinta masu sauraro su ne taurarin labari, kuma babu wanda ya san ƙarshensa sai an isa can. A wannan takarda za a kira ta wasan shiga-riga, saboda kowane ɗan wasa yakan shiga rigar wani mutum na ƙage, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Mai jan ragamar wasan kuwa za a kira shi madugu, tun da shi ne uban tafiya.

Takardar za ta dubi reshe ɗaya na wasan, wanda ake yi ta intanet, jigonsa kuwa shi ne yadda ɗan Adam zai rayu bayan halittun wata duniya sun ci tamu da yaƙi sun zauna. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, a irin wannan wasa matsayin madugu a kan 'yan wasansa daidai yake da matsayin mai mamaya a kan waɗanda ya mamaye, don haka ingancin wasan ya rataya ne a kan yadda madugu zai ɗaure hannun kansa.

2.0 Zubi Da Tsarin Wasan

Ginshiƙan wasan uku ne. Na farko shi ne madugu, wanda yake bayyana wuri da yanayi, yake kuma magana da bakin duk wata halitta da ba ta da ɗan wasa. Na biyu su ne 'yan wasa, kowa da tauraronsa. Na uku shi ne alƙali marar son kai, wato ƙa'idojin wasa da ƙwayar ludo, wadda akan jefa idan ɗan wasa ya nufi yin abin da zai iya yiwuwa ko ya faskara.

Asalin wasan a kan tebur ake yin sa, ido na ganin ido. Komawarsa kan kwamfuta ta faro da wuri, domin a 1978 Roy Trubshaw ya fara gina MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi, wasan da mutane da dama suke shiga lokaci guda ta hanyar rubutu zalla. Daga baya Roll20 ya zo a 2012, Discord kuma a 2015, suka sauƙaƙa wa mutanen da ke garuruwa daban-daban haɗuwa a zama ɗaya. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, idan da rubutu ake wasan, madugu ya rasa murya da ido da motsin hannu, wato kayan aikin mai tatsuniya. Jimla kaɗai ta rage masa.

3.0 Tushen Jigon Mamaya

Jigon ya samo asali daga The War of the Worlds na H. G. Wells, wanda ya fito a matsayin littafi a 1898. Halittun duniyar Mas sun sauka kusa da garin Woking, suka tarwatsa rundunar Ingila, ba kuma makami ne ya kashe su a ƙarshe ba, ƙwayoyin cuta ne. Wells bai ɓoye manufarsa ba, domin tun a babin farko ya tunatar da mai karatu abin da Turawa suka yi wa mutanen Tasmaniya. Ke nan labarin madubi ne da aka juya wa mai mulkin mallaka don ya ga kansa a matsayin wanda aka ci. Har ila yau, a cikin littafin akwai wani sojan igwa da ya yi hasashen cewa wasu mutane za su saba da sabon mulkin, har ma a horar da su farautar 'yan uwansu. Wannan hasashe shi ne irin da wasannin baya suka shuka.

Bambancin da ke tsakanin hari da mamaya yana da muhimmanci. Labarin hari tambayarsa ɗaya ce: wa zai yi nasara? Labarin mamaya kuwa yana farawa ne bayan an riga an sha kaye, tambayarsa ita ce: me mutum zai yarda ya yi don ya ga gobe? Wasan kwamfuta na XCOM 2, wanda ya fito a 2016, ya soma ne shekara 20 bayan faɗuwar duniya, inda gwamnatin ADVENT take jan mutane da tsabtatattun birane da asibitocin da suke warkar da cuta. Sai dai ɗan wasa a nan kwamandan 'yan tawaye ne, don haka an riga an yanke masa shawara mafi wuya tun kafin ya zauna.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tambaya. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har aka kashe shi a Burmi a cikin shekarar, Waziri Buhari ya zauna tare da jama'a ya kuma rubuta hujjarsa ta yin haka, mutanen Satiru kuwa suka ɗauki makami a 1906. Gudu da zama da tawaye, hanyoyi uku ke nan, kuma kowacce ta sami mutanen kirki da suka bi ta. Wasan da ya buɗe hanya ɗaya kawai bai fahimci mamaya ba.

4.0 Misali Daga Birni Na 17

Misalin da ya fi dacewa da wannan nazari ya tsiro ne daga Half-Life 2, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2004. A cikinsa daular Combine ta ci duniya cikin sa'a 7 kacal, ta naɗa wani ɗan Adam, Dokta Wallace Breen, ya zama wakilinta, ta kuma kafa wata na'ura da ta hana mutane haihuwa. Birni na 17, wanda Viktor Antonov ɗan asalin Bulgariya ya tsara kamanninsa, cike yake da shingaye da allunan da Breen yake wa jama'a huɗuba ta cikinsu. 'Yan sandan birnin ba daga sama suka zo ba, mutane ne da suka shiga aikin don samun abinci mai ɗan dama. Da ɗan gari akan ci gari.

Asalin wasan na harbi ne, mai tauraro ɗaya jarumi. Amma masu amfani da Garry's Mod sun ɗauki birnin suka mayar da shi dandalin shiga-riga, suka kawar da jarumin gaba ɗaya. Wanda ya shiga yakan fara ne a matsayin talaka mai katin shaida, ya bi layin karɓar rabon abinci, ya juya fuska ga bango idan an zo bincike, ya rubuta abin da tauraronsa yake yi da abin da yake faɗa. Rigar ɗan sanda a galibin dandalin sai an nema masu gudanarwa sun amince. Akwai kuma dokoki da aka saba gani: kada ka yi amfani da abin da kai ka sani alhali tauraronka bai sani ba, kada ka tilasta wa tauraron wani sakamako, idan an nuna maka bindiga, ka nuna tsoro kamar mai rai guda.

Nasarar wannan tsari ita ce ya gano cewa mamaya a cikin ƙananan abubuwa take zaune, a layi da kati da jira. Rauninsa kuwa iri biyu ne. Wani lokaci talaka yakan rasa abin yi sai tsayuwa da shan kulki, har ya gaji ya fita. Wani lokaci kuma kowa sai ya gudu ya zama ɗan tawaye, labarin ya koma harbe-harbe. A duka biyun an rasa abu ɗaya, wato zaɓin da kowane ɓangarensa yake da riba da hasara.

5.0 Matsalar Harshe

Marubucin wannan takarda ya jarraba jan irin wannan wasa da Hausa, ta hanyar rubutu, tare da wasu abokai biyar da aiki ya rarraba su a garuruwa. Abubuwa biyu suka fito fili.

Na farko shi ne suna. Ƙagaggen labarin kimiyya ba sabon abu ba ne a Hausa, domin Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, amma mai zuwa daga sama a can yaro ya ɗauka yawon buɗe ido, bai zo cin ƙasa ba. Da aka nemi kalmar da za a kira masu mamaya, sai kowace ta zo da kayanta. Baƙo a wurin Bahaushe abin karramawa ne, kuma raɓa ne, da hantsi ya tafi, alhali waɗannan sun zo zama. Dodo ya ja labarin zuwa tatsuniya, inda aka san Gizo zai yi masa wayo. Aljani kuwa ya kawo batun imani da tsari, wanda ba shi ake nufi ba. Daga ƙarshe 'yan wasan da kansu suka daina neman suna, suka riƙa cewa "su" kawai, ko "na sama". Wannan ya fi duk abin da madugu ya tanada, domin mutanen da suke cikin tsoro ba su cika ambaton sunan abin da suke tsoro ba.

Na biyu shi ne lokaci. Mai tatsuniya yana amfani da mutum na uku da shuɗaɗɗen lokaci: sai ya tashi, sai suka tafi. Madugu kuwa da mutum na biyu da lokaci mai ci yake magana: kana tsaye a layi, na gabanka yana rawar jiki. Ɗan wasa shi kuma ba shi da damar cewa "na fizge katin na gudu", domin ya yanke hukuncin da ba nasa ba. Abin da zai ce shi ne "zan fizge katin", sannan a jefa ƙwaya. Bayan ta faɗi ne madugu zai ce "ka fizge" ko "an riƙe hannunka". Wato ɗan wasa yana da lokaci na gaba, amma shuɗaɗɗen lokaci mallakar madugu ne shi kaɗai. Duk wanda yake da ikon faɗin abin da ya faru, shi ne mai mulki. Nahawun wasan da kansa ya nuna inda iko yake.

6.0 Madugu A Matsayin Mai Mamaya

A nan ne matsalar take. A wasan da jigonsa neman dukiya ne a kogon dodo, ikon madugu ba ya damun kowa. A wasan mamaya kuwa shi ne yake raba abinci, shi ne yake karanta saƙon asirin kowane ɗan wasa, shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali. Liam Burke ya gane haka a wasansa na tebur mai suna Dog Eat Dog, wanda ya shafi mulkin mallaka a wani tsibiri, inda ya ƙa'ide cewa wanda ya fi kowa kuɗi a cikin mahalarta shi zai riƙe matsayin masu mamaya. Ya fito da abin da sauran wasanni suke rufewa.

A jarrabawar da aka ambata, zama mafi armashi shi ne wanda ba a harba ko harsashi ɗaya ba. An yi wa ɗaya daga cikin taurarin tayin aikin rubuta sunayen masu karɓar abinci a unguwarsa, ladan kuwa maganin mahaifiyarsa. Ya karɓa. Sauran suka rabu biyu, wasu suna kiran sa maci amana, wasu suna roƙon ya saka sunan 'yan uwansu da suke ɓoye. Madugu bai ƙara komai ba, gardamar ta ci zama biyu.

Zama mafi muni kuwa laifin madugu ne. Wani tauraro ya tsara hanyar tserewa wadda za ta ɓata shirin da aka kwana ana yi, sai na rubuta cewa an kama shi a shinge an harbe, ba tare da an jefa ƙwaya ba. Mai tauraron ya amsa da jimla ɗaya: "Malam, ashe na saman kai ne." Bai dawo ba sai bayan mako biyu. Ya yi gaskiya. Zaluncin da ke cikin labari shi 'yan wasa suka zo nema, amma zaluncin da aka yi wa ɗan wasa a wajen labari karya alkawari ne.

Daga wannan za a iya fitar da sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, a jefa ƙwaya a gaban kowa, madugu ya karɓi abin da ta ce ko da ta rusa shirinsa. Na biyu, masu mamaya su kasance da doka da buƙata da za a iya ganewa, domin abokin gaba da ba shi da ƙa'ida ba ya barin wurin dabara. Na uku, kowace hanya daga cikin ukun nan ta kasance a buɗe, kowacce da farashinta. Na huɗu, a yi yarjejeniya tun farko a kan abin da ba za a kwatanta ba, a kuma bai wa kowa damar tsayar da wasa, kamar yadda John Stavropoulos ya tsara da katinsa mai alamar X. Wannan ya fi zama dole a intanet, inda madugu ba ya ganin fuskar wanda maganarsa ta sosa wa tsohon miki.

7.0 Kammalawa

An ga cewa wasan shiga-riga mai jigon mamaya ya gaji tambayarsa daga Wells, ya kuma sami cikakkiyar siffa a dandalin Birni na 17, inda aka ajiye jarumi aka ɗauki talaka. An kuma nuna cewa rabon iko a wasan yana bayyana har a cikin zaɓin wakilin suna da lokacin aikatau. Ma'aunin da ya kamata mai tarke ya riƙe a nan ya bambanta da na littafi. Ba a tambayar ko ƙarshen labarin ya ƙayatar, abin tambaya shi ne ko 'yan wasa sun isa can da ƙafarsu. Akwai sauran aiki ga masu nazarin Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsunanmu, musamman a kan yadda kowane harshe yake raba lokaci tsakanin madugu da ɗan wasa, da sunan da masu magana da shi za su zaɓa wa mai mamayar da ba su taɓa gani ba.