Kuntigin Ɗan Maraya, a Faifai da a Dandali

Mu manoman ƙasar Bichi da Dambatta gangar noma muka saba da ita, wadda ke cika kunne ranar gayya. Saboda haka sa'ad da waƙoƙin Ɗan Maraya Jos suka iso mana ta rediyo, waɗansu suka raina su, wai tsirkiya ɗaya ce kurum a kan gwangwani.

To, nan kuwa gwanintar take. Da yake kuntigi ba shi da hayaniya, tilas mutum ya saurari magana. Dubi waƙarsa ta karen mota. Ba sarki ya yaba ba, ba attajiri ba, yaron da kowa ke daka wa tsawa ya ɗauko ya ba shi mutunci.

Amma faifai yana da aibi. A dandali, in yana "Jawabin Aure", yakan zama miji, ya juya ya zama mata, jama'a na dariya suna satar kallon juna. Faifai ya kamo murya, ya bar wannan.

Ya rasu a 1915 da ɗari, watau 2015. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Sai dai shawarata, kada ka saurare shi kai kaɗai. Tara maƙwabta a zaure, don waƙar ta sami abokan dariya.