Gangar Noma da Allon Karatu: Sharhi kan Kiɗa da Zane a Damargu

Masu tsara littattafan karatun manya sun daɗe suna ɗaukar waƙa da zane a matsayin ado, watau abin da ake liƙa wa darasi don kada ɗalibi ya yi gyangyaɗi. Wannan ra'ayi yana da rauni, kuma ƙasar Damargu, wadda ta ƙunshi Tanut da Belbeji, ta isa shaida.

Damargu ta kasance rumbun hatsi a zamanin ayarin Azbin, amma tana bakin hamada. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, sun kori magidanta zuwa Damagaram da Kano. Wanda ya komo daga irin wannan gudun yunwa da karyayyar zuciya yake komowa. Tambayar ita ce, da me jama'a ke ɗinke ta?

Alal misali, a wurin gayya makaɗin gangar noma yakan kira manomi da sunansa da na ubansa, ya yi masa kirari a gaban tsara, sai ka ga wanda ya sare ya zabura. Haka nan mace a bakin dutsen niƙa takan zuba wa waƙa abin da kunya ta hana ta faɗa game da kishiya, ko uwar miji, ko begen gida. Ta fuskar zane kuwa, akwai adon ƙwarya, da kwalliyar fuska da samarin Woɗaaɓe ke yi lokacin gerewol, inda saurayi ke tsayawa gaban taro ba tare da shakka ba.

To, mutumin nan da ganga ta kira gwarzo, shi ne aji ke tarba da sunan jahili, domin kalmar tana cikin sunan aikin kansa, yaƙi da jahilci. Dattijo ya fi tsoron dariyar yara bisa wuyar baƙaƙe. In ya tsere daga aji, sau da yawa mutuncinsa yake karewa.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, saboda haka koyarwa da harshen gida ba sabon abu ba ne. Abin da ya rage shi ne a ɗauki waƙoƙin nan, a rubuta su da karin harshen masu su, kirarin ɗalibi ya zama shafinsa na farko. Hannun da ya saba tsaga layi a bayan ƙwarya kuwa, alƙalami ba zai gagare shi ba.

Sai dai a yi hattara. Bakin da ke kirari shi ke zambo, kuma maroƙi yakan yabi mai hannu da shuni ya tsallake matalauci. Wajibin mai bincike ne ya tace, kada abin da aka kawo don tayar da zuciya ya koma bulala.