Aƙilu Aliyu da Ma'aunin Waƙa a Rubutun Boko

An haifi Alhaji Aƙilu Aliyu a Jega a 1918, ya rasu a 1999. Mawaƙi ne, mai tsawatarwa kuma a kan harshe, kamar yadda "Hausa Mai Ban Haushi" ta nuna. A 1977 Dalhatu Muhammad ya tace waƙoƙinsa, aka buga su a Zariya da sunan Fasaha Aƙiliya.

To, abin lura a nan shi ne, karin waƙarsa ya dogara ne ga nauyin gaɓa. Ajami yana iya nuna dogon wasali, daidaitaccen boko kuwa ba ya nunawa: garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, alhali awonsu daban. A Nijar mun bi tsarin Bamako na 1966, muka riƙa ninka wasali, kana muka bar shi bayan taron Yamai na 1980 domin daidaitawa da Nijeriya. A zube wannan bai yi lahani ba. Amma manomin Gabi da ya koyi karatu da girmansa, in bai taɓa jin an rera baitin ba, sai ya yi tuntuɓe. A ganinmu, ya kamata littattafan waƙa na azuzuwan manya su nuna tsawon wasali.