4.3 Sharhi a Kan Tsarin Ginin "Baƙin Gida" na Tsibirin Luwis

A wannan sashe za a yi nazarin wani nau'in gidan manoma da ake ginawa da dutse a tsibirin Luwis, wanda ke arewa maso yammacin ƙasar Sukotland. A harshen Gelik na mutanen wurin ana kiran sa taigh-dubh, wato baƙin gida. Abin da ya sa ya cancanci nazari shi ne mutane da shanunsu suna kwana ƙarƙashin jinka guda, kuma ta ƙofa guda suke shiga. Za a kafa hujja da gida mai lamba 42 na ƙauyen Arnol, wanda aka gina wajen shekarar 1880, aka kuma zauna cikinsa har 1966. A yau hukumar kula da kayan tarihi ta Sukotland ce ke riƙe da shi. Tambayar da za a amsa ita ce: shin wannan gini alamar ƙazanta da jahilci ne, kamar yadda baƙin ido kan ɗauka, ko kuwa akwai hikima a cikinsa?

4.3.1 Siffar Gidan

Gidan dogo ne, kuma bangonsa bai fi tsayin mutum ba. Bangon ruɓi biyu ne na duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba, sannan aka cika tsakaninsu da ƙasa aka daddale. Azarar rufi a kan bangon ciki take zama, saboda haka akan sami fili a saman bango inda mutum zai iya tsayawa ya gyara jinka. A kan azara akan shimfiɗa ƙasa mai saiwar ciyawa, sannan a baibaye da karan sha'ir ko makamancinsa, a ɗaure da igiyoyi, a rataya duwatsu a bakinsu.

Daga ciki kuwa, gefe guda na iyali ne, inda murhu yake a tsakar ɗaki, da wurin kwana a bayansa. Ɗaya gefen shi ne turken shanu. Akwai kuma ɗakin ajiyar amfanin gona manne da bayan gidan. Babu bututun fitar da hayaƙi, tagogi kuma 'yan ƙanana ne.

4.3.2 Hikimar da ke Cikin Ginin

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa kowane sashe na ginin amsa ce ga wata matsala ta muhalli. Matsala ta farko ita ce iska. Luwis na fuskantar tekun Atlantika, inda iska mai ƙarfi ke kaɗawa, musamman lokacin hunturu. Wannan ne ya sa aka ƙasƙantar da gidan, aka kuma hana jinka zarce bango, don kada iska ta sami inda za ta kama ta yaye ta.

Matsala ta biyu ita ce rashin itace. Tsibirin kusan ba shi da bishiyoyi, don haka yawancin azara daga itacen da teku ta turo gaɓa ake samunta. Makamashin girki kuwa wata baƙar laka ce ta ruɓaɓɓun tsirrai, wadda ake yankowa kamar tubali a shanya. A nan ne rashin bututu ya zama dabara. Hayaƙin yakan ratsa jinka a hankali, ya bar kunkunniya wadda ke kare azara daga ruɓewa da cin ƙwari. Bayan haka, akan sauke jinkar da ta sha kunkunniya a kai ta gonar dankali a matsayin taki.

Matsala ta uku ita ce sanyi da rashin ƙarfin ƙasar noma, kuma shanu ne maganinsu. Ɗumin jikinsu yana ƙara wa ɗakin zafi, su ma suna tsira daga hunturu. Daɓen gidan a karkace yake, turke na ɓangaren gangare, domin fitsari ya bi magudana ya fita ba tare da ya komo wa mutane ba. Kashin shanun yakan taru duk tsawon hunturu, sai sanyi ya wuce a kwashe zuwa gona. Da a waje aka tara shi, da ruwan sama ya wanke amfaninsa. Ke nan gidan wurin kwana ne, kuma wurin sarrafa taki ne.

4.3.3 Naƙasun Ginin

Duk da haka, adalci bai yarda a tsaya ga yabo kaɗai ba. A tsofaffin gidaje babu ko shinge tsakanin murhu da turke, wato yara na rarrafe kusa da takin da ya yi watanni. Hayaƙin da ke kare azara shi ne kuma mata da tsofaffi ke shaƙa yini guda, ga duhu. Ruwan da ke malala daga turke na iya gurɓata ruwan sha. Saboda haka jami'an lafiya da suka matsa a raba mutum da dabba da bango suna da gaskiya.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan maginan. Kafin dokar 1886 da ta ba ƙananan manoman yankin tabbacin zama a filayensu, mai ƙasa na iya korar manomi ko ya ƙara masa kuɗin haya. Wanda bai da tabbacin kwana a gida baɗi, yaya zai zuba dukiyarsa wajen ƙawata shi? Bugu da ƙari, gidan da ya gaje shi bai tsira daga suka ba. "Farin gida", irin mai lamba 39 da ke tsallaken hanya a Arnol, wanda aka gina a shekarun 1920, yana da haske da bututu, kuma babu shanu a ciki. Amma bangonsa ɗaya ne, kuma an san irin waɗannan gidaje da danshi da sanyi.

4.3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, ra'ayin wannan bincike shi ne baƙin gida ya ci nasara wajen yaƙi da iska da sanyi da ƙarancin kayan gini, amma ya gaza ta fuskar lafiyar mazaunansa. Waɗanda suka bar shi, kamar mutanen ƙauyen Gearrannan da na ƙarshensu suka tashi a 1974, ba su yi kuskure ba. Kuskuren na mai sharhi ne da zai auna gidan da ma'aunin gidan birni, alhali an gina shi ne domin ya ciyar da gona, gona kuma ta ciyar da iyali.